Inda Arzika Ya Kafa Sanda

Da aka gama kai gero rumbu a Farfaru, aka ɗaure harawa aka ɗora bisa itatuwa, sai Malam Arzika ya ce bana kam za a je fako farauta. Shekara uku ke nan rabonsu da can, don hanyar ba ta biyuwa. Kowa ya san dalili, ba kuma mai son ambatonsa da bakinsa. Amma bana an ce abin ya lafa a wannan gefen, makiyaya sun fara komawa da tumakinsu, har wani ya ce ya ga sawun barewa a gonakin waken da ke can ƙarshe, dab da iyakar Nijar.

Farautar gidansu Arzika ba irin ta gayya ba ce mai ganga da karnuka da ihu. Mutum uku ne, kwana uku, barewa ɗaya. In an samu a dawo, in ba a samu ba ma a dawo. Haka ya gada wurin mahaifinsa Badamasi, kuma shekara ashirin da biyu ke nan shi ne gaba a tafiyar.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, a cikin shekara ukun nan yanar ido ta kama shi. Na hagu ne ya fara, na dama ya bi. Yanzu duniya ta zame masa kamar mai leƙen gindin ƙwarya ta cikin farau-farau. Yana ganin haske, yana ganin duhu, yana ganin mutum a tsaye, amma ban da fuska. A gari abin bai tona masa asiri ba. Ya san taku nawa ne daga zaurensa zuwa masallaci, ya san daidai inda kwatar gidan liman ta ratsa hanya, ya kuma koyi jira har mutum ya fara gaishe shi kafin ya kira sunansa. Mutane suka ce tsufa ya sa Arzika ya yi sanyi. Shi kuwa ya bar su a haka. Mafarauci ne fa. In aka ce idonsa ya tafi, da me kuma za a kira shi?

Ran tafiya da hantsi matarsa Luba ta haɗa guzuri. Maimakon ta ɗaure a buhu yadda ta saba, sai ta riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya a hannu.

"Wannan ƙuli ne, Malam. Wannan garin fura. Wannan mai ɗauri biyu gishiri ne, kada a zuba a shayi."

Ya karɓa ya sa a buhu. Shekara arba'in suna tare, ba ta taɓa gaya masa sunan gishiri ba.

Ana cikin haka sai ƙarar wani tsohon babur ta cika ƙofar gida. Bawa ne, ɗan goggonsa, taubashinsa tun suna wasan ƙasa. Shekara biyu kacal Arzika ya ba shi, kuma shekara biyun nan Bawa bai taɓa yafe su ba.

"Ina tsohon?" in ji Bawa daga zaure. "Luba, kin gama goya shi ko mu jira?"

"Shigo, mayunwaci," Arzika ya ce. "Na san ba farauta ta kawo ka ba, ɗumame ya kawo ka."

"Ɗumamen gidan da ba a sa man shanu? Allah ya sawwaƙe. Tashi mu tahi kahin barewar su tsufa kamarka."

Na ukunsu Uwaisu ne, ɗan Arzika na uku, magidanci mai 'ya'ya huɗu, direban babbar mota da ke kai hatsi Maraɗi. Tun yana shekara goma sha biyar yake bin su fako. Yau ya zo da wata doguwar jaka a kafaɗa.

"Tanti ne, Baba. A Maraɗi na samo shi, wurin masu gwanjo. Mutum uku yake ci. Na ga Baba Bawa ya sha fama da ƙirji da damina, na ce sanyin asuba ba zai yi mashi kyau ba."

Ya zaro gefensa. Ruwan goro ne mai ɗaukar ido, kuma Arzika ya gan shi tangaran, abu na farko da ya gani sosai a wannan makon. Wannan ma ya ba shi haushi.

"Barewa ba makauniya ba ce," ya ce, sai kuma ya ji kalmar ta dawo kansa. Ya yi gyaran murya. "Ɗauko zana biyar, dirka shida, da igiya."

"A ɗauki duka biyu mana," in ji Bawa. "In tsoho ya hwara kyarma sai mu naɗe shi ciki mu jingine."

Suka bi ta Jibiya, Bawa a gaba da zana naɗe a bayansa har ta fi babur ɗin faɗi, bindiga ƙirar maƙera a tsakiyar naɗin, Uwaisu na biye a wani babur ɗin, ya goyo mahaifinsa a baya. Manyan motoci sun yi layi a hanyar iyaka, warin fetur ya gauraye da na tumaki, direbobi na yi wa Uwaisu ihu, wai yau kuma kabu-kabu ya koma? Bawa ya rage gudu ya waiwayo.

"Arzika, dubi wanga kaya! In motar nan ta kai Maraɗi ka sake mani suna."

Arzika ya juya kai wajen da muryar ta nuna, ya ga wani tudun duhu, ya ce, "Ikon Allah." Abin da yake faɗa ke nan kwanan nan a kan duk abin da aka ce ya duba.

Suka sauka daga kwalta, suka ratsa gonaki da aka sare kara, suka bi turbar shanu har ta ɓace a ƙarƙashinsu. Rana na tsaka suka fita fako. Fili ne shimfiɗe, ƙasa mai tauri kamar daɓe, busasshiyar ciyawa da sabara nan da can. A wurin nan iska ce mai gari. Da kaka daga gabas take zuwa, ta ɗan kwanta da tsakar rana, in la'asar ta kusa ta miƙe, ba za ta sake zama ba sai gari ya waye. Saboda haka aikin farko a fako ba neman barewa ba ne, neman inda za a kwanta ne. Gonakin waken da barewa ke shiga da sassafe suna gabas. Dole masauki ya kasance yamma da su, don kada iska ta kai musu warin mutum, dole kuma a sami abin da zai tare iskar ya kuma tare musu gani.

A gidansu Arzika akwai ƙa'ida kan wannan. Babba a tafiyar shi ke zaɓen masauki. Zai buɗe battar toka ya watsa sama sau uku, ya ga inda ta nufa, sannan ya je ya kafa sandarsa. Inda sanda ta tsaya, nan ne ƙofar bukka. Ba mai gardama, ba mai ba da shawara, ba mai taɓa ta. An ce wani kakansu ne ya sa haka, bayan wata gardama da ta raba wa da ƙane a daji, kowa ya kwana gefensa, ƙanen bai dawo da ƙafarsa ba. Wanda ya kafa sanda shi kaɗai ke iya tuge ta, kuma wanda ya tuge tasa da hannunsa ya sauka ke nan, ba zai ƙara kafawa ba. Badamasi bai taɓa tuge tasa ba. Mutuwa ce ta karɓe ta daga hannunsa.

Arzika ya riga ya shirya komai tun yana kwance a gida. Akwai wani ƙaton suri a fakon, ya fi mutum tsawo. Daga surin in ka fuskanci gabas ka yi taku sittin, to taku ashirin a gabanka akwai marke bakwai a jere, da kurmin geza a gindinsu, sun yi katanga. A bayansu yake kafa sanda kowace shekara. Ba ya bukatar ido, ƙafarsa ta san wurin.

"Tsaya a suri," ya ce wa Uwaisu. Da suka sauka ya dafa surin, ya ji ɗuminsa a tafin hannu. "Mu yi azahar tukuna. Shimfiɗa mana, Uwaisu."

Dabararsa ke nan ta gane gabas ba tare da ya tambaya ba. Da aka sallame bai karkata ko kaɗan ba. Ya miƙe a yadda yake, ya zaro batta, ya watsa toka sama. Bai ga inda ta nufa ba, amma ya ɗaga kai ya bi ta da kallo kamar mai gani, sau uku. Iska ta ɗan shafi kuncinsa, sanyi-sanyi, ba ƙarfi. Ya fara taku yana ƙirgawa a zuci. Can gabansa yana ganin wani dogon layin duhu kwance a gindin sama, zuciyarsa ta yi sanyi. A taku na sittin ya ɗaga sanda da hannu biyu ya caka ta a ƙasa. Sai da ya caka sau uku kafin ta tsaya.

"Nan ne," ya ce, ya nuna gabas da haɓa. "Markena sun ƙara duhu. Bayansu za mu kwanta kamar kullum."

Ba wanda ya amsa.

Arzika ya san shiru iri-iri. Ya san na mutanen da suka gaji, ya san na masu jiran a ba su aiki. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Ya ji Uwaisu ya ja numfashi.

"Baba…"

"An kahwa sanda, Uwaisu," in ji Bawa da sauri. "Sauke kaya."

Suka koma wurin babura. Arzika ya tsaya riƙe da kan sandarsa yana saurare, don ya ji abin da ya sa su shiru. Sai ya gane ba abin da ake ji ba ne, abin da ba a ji ne. A wannan wurin da tsakar rana kurciya ba ta yin shiru. Kullum suna cikin marken suna kuka har su ishi mutum. Ganye ma yana da tasa magana, ko iska kaɗan ce. Yau babu kurciya, babu ganye. Iskar da ke taɓa fuskarsa a miƙe take zuwa, ba ta ratso komai ba, ba ta ɗauko ƙamshin ɗanyen itace ba. Duhun da yake gani, ko me ne ne shi, ba itatuwa ba ne. Ya kafa sandarsa a tsakiyar fili tsirara, ya kuma yabi itatuwan da babu su a gaban mutum biyu masu ido.

Ya ce a ransa, watakila iskar yau ba za ta yi ƙarfi ba. Akwai shekarun da ba ta yi. In aka lallaɓa aka kwana ɗaya, gobe ya ce babu sawu, a koma gida, shi ke nan sanda ta fita ba tare da an tuge ta ba. Ya riƙe wannan tunanin da ƙarfi.

Uwaisu ya fara haƙa ramin dirka. Ƙasar ba ta karɓar ƙarfe, kowane sara sai ya yi ƙara ya dawo. Da can a bayan itatuwan ganye ne ke ruɓewa yana tausasa ta, yanzu rana ta shekara biyu tana gasa ta. Ya daɗe kafin ya sami rami huɗu, su ma ba su kai tsawon hannu ba. Kafin ya gama iska ta miƙe. Ta fara da kaɗa bakin riga, ta koma tura mutum. Suka tsayar da dirka, suka jingina zana ta farko, Bawa na riƙe Uwaisu na ɗaurewa. Suna saki ta kwanta da dirkar gaba ɗaya. Suka tayar, ta sake kwantawa.

"Baba, ko in gwada tantin?" Uwaisu ya tambaya a hankali. "Nan dai inda sanda take. Shi ƙusoshi gare shi."

"Gwada," in ji Arzika.

Ya ji ana buga ƙusa da dutse, ya ji ɗaya ta lanƙwashe, Uwaisu ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Can sai ga ruwan goron nan ya kumbura a gabansa kamar tumbin sa, ya lotsa, ya sake kumbura. Ƙarar kuwa ba a magana. Fat-fat-fat, kamar mata goma na kakkaɓe tabarma lokaci guda. Duk barewar da ke tsakanin nan da Maraɗi ta ji, wadda ba ta ji ba ta gani. Arzika ya jira Bawa ya ce wani abu. Wannan abin dariya ne da Bawa zai shekara yana ba da labarinsa a bakin kasuwa. Amma ba abin da ya fito daga bakinsa sai tari. Wata sandar tantin ta yi ƙara ta karye, Uwaisu ya faɗa kan yadin da ƙirji ya danne shi kafin iska ta tafi da shi.

Arzika ya matsa zai kama, hannunsa ya kama iska.

"Bari, Malam," in ji Bawa. "Zauna ka huta, Malam Arzika. Mu za mu yi. Sannu."

Malam. Shekara sittin da wani abu, Bawa ya kira shi tsoho, ya kira shi mijin Luba, ya kira shi mai kunnen jemage, ya kira shi abubuwan da ba a faɗa gaban yara. Bai taɓa ce masa Malam ba, bai taɓa ce masa sannu ba, ko ranar da ƙaya ta huda masa ƙafa ta fito ta sama. Arzika ya zauna a kan buhun guzuri kamar an tura shi. Da Bawa ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Suka koma kan zana. Yana jinsu suna aiki ba hira, sai "riƙe nan", sai "ja". Yana jin yadda Bawa ke juya baya in tari ya taso, yana danne shi a hannun riga don kada a ji. La'asar ma ba ta yi ba. In rana ta faɗi iskar nan za ta koma ruwan sanyi, ta bi ta kowace kafar zana, kuma mutumin da ya yi wata guda a kwance da damina zai kwana a cikinta bai ce komai ba, don an kafa sanda. Uwaisu ma ba zai ce ba. Za su kwana, su tashi, su koma gida su ce bana ba a dace ba.

Wata guguwa ta zo ta fizge zanar daga hannunsu. Ya ji ta bugi mutum, ya ji mutum ya kai ƙasa, ya ji Uwaisu na cewa, "Baba Bawa! Ka ji ciwo?" Bawa na cewa babu komai, babu komai, numfashinsa na fita da ƙyar.

Arzika ya miƙe. Bai nufi wurinsu ba. Ya laluba ya sami sandarsa a tsaye, ya ba ta baya, ya fuskanci iska ya fara taku. A na goma sha tara ƙafarsa ta yi karo da abu. Ya durƙusa ya shafa. Kututture ne, faɗinsa ya kai faifai biyu, saman ya bushe ya tsattsage. Ya bi sawun gatari da yatsa. Ba saran bana ba ne. Ya zauna a kai.

Bayan ɗan lokaci ya ji takun Bawa, yana ɗan ɗingishi. Ya zo ya zauna a ƙasa gefensa.

"Yaushe anka sare su?" Arzika ya tambaya.

"Da alama bara waccan. Masu gawayi ne. Ga ramukansu nan a jere, baƙi ƙirin. Su kake gani."

"Duka bakwai?"

"Har gezar."

Iska ta yi ta wucewa ta kansu. Arzika ya ce, "Kai kuma yaushe ka sani?"

"Tun Sallar layyar bara. Na wuce ka a bakin kasuwa na yi maka gwalo, ba ka rama ba. Na koma na sake yi. Na je gida ban ci abinci ba."

"Uwaisu hwa?"

"Arzika, kowa ya sani. Liman ya sa an ruhe kwatar gidanshi da katako tun watan azumi, saboda kai. Kai kuma kullum sai ka zo ka ɗaga ƙahwa ka tsallake katakon. Yara har jira suke su gani, sai an kore su."

Arzika ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suka motsa, shi kansa bai san ko dariya ce ko wani abu ba. Duk takun nan da ya yi ta ƙirgawa, duk "ikon Allah" ɗin nan, ashe gari guda ne ya taru yana riƙe masa asiri, shi yana tsammanin shi ke riƙe da shi.

"Mi ya hana ka hwaɗa mani?"

"A gari kunya. Nan kuma sanda."

"Da sai ka kwana nan?"

"Da na kwana. In na mutu da sahe ka ce Luba ta sa man shanu a tuwon sadaka, kada ta ba ni kunya."

"Kada ka ƙara ce mani Malam."

"Ai ni ma ɗaci ya yi mani a baki."

Arzika ya daɗe zaune. Ya tuna mahaifinsa, wanda ya riƙe sanda har ƙarshe, ya tambayi kansa ko ƙarfi ne ya sa, ko kuwa Allah ne kawai ya ɗauke shi kafin a kai ga irin wannan rana. Da can yana ganin tuge sanda faɗuwa ce. Yanzu da yake zaune kan kututture ya ga ashe wanda ya sa ƙa'idar ya san za a tsufa. Ya hana kowa taɓa sandar don a zauna lafiya, ya kuma bar ƙofa ɗaya, wadda babba ne kaɗai zai iya buɗewa, daga ciki.

Ya tashi ya juya, ya ƙirga goma sha tara, ya miƙa hannu. Ba komai. Ya laluba dama, ba komai. Ya ji Uwaisu ya motsa zai taimaka.

"Hagu, makaho," in ji Bawa daga baya.

Kalmar ta fito fili karo na farko, a bakin da ya dace da ita. Arzika ya yi dariya, ta gaske, har iska ta shiga bakinsa. Ya matsa hagu, hannunsa ya faɗa kan sanda. Ya yi bisimilla ya tuge ta. Ba ta yi gardama ba, dama ba ta shiga sosai ba.

Ya juya wajen Bawa ya miƙa masa da hannu biyu, don shi ke biye da shi a shekaru.

"Ni?" in ji Bawa. "Shekara ashirin da biyu ina jira, sai yanzu da gwiwa ta ƙare za ka ba ni, in kahwa bana in tuge baɗi? Ba ka gaji da cutata ba? Ba yaron nan. Shi ne mai ido huɗu, nashi biyu da namu ɗai-ɗai."

"Ba ka da hankali," in ji Arzika. "Uwaisu, zo."

Uwaisu ya zo ya durƙusa. Arzika ya sa masa sandar a hannu, ya ji tafin ya yi ƙulu-ƙulu da bororon haƙa. Ya ɗora masa battar toka a kai.

"Bindiga na cikin zana ta ukku. Ita ma."

"Baba, ni ban…"

"Rana na tahiya."

Ya ji an buɗe batta, an watsa toka. Sau uku. Sannan takun Uwaisu ya yi arewa, ya yi nisa, ya ɓace cikin iska. Tsofaffin biyu suka zauna kan naɗin zana suna ba iska baya. Suka yi la'asar a nan. Sai bayan sun sallame suka ji kira daga nesa.

Wurin da Uwaisu ya kafa sanda Arzika bai san shi ba. Wani kwazazzabo ne da ruwan damunan nan uku ya haƙa, tun da aka sare itatuwan da ke riƙe ƙasar. Zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, gindinsa rairayi ne busasshe. Uwaisu ya riƙe hannun mahaifinsa suka gangara. Suna sauka iska ta ɗauke kamar an rufe ƙofa, sai kukanta a sama.

Arzika ya shafa gaɓar, ya ji ramuka ƙanana a jikinta. Kunama, ya ce a ransa, watakila ma abin da ya fi kunama. Ga shi daga nan ba a hango gonaki sai an hau. Ga shi kwari na riƙe hayaƙi. Badamasi bai taɓa kwana a kwari ba, shi ma haka. Maganar ta taso har bakinsa, ya buɗe shi, ya ji Bawa ya yi wani ɗan gyaran murya mai daɗi, irin na wanda ya daɗe yana jiran wannan lokacin. Ya rufe bakinsa.

Uwaisu ya toshe ramukan da laka da tsakuwa ba wanda ya ce masa. Ya kafa dirka biyu a rairayi, suka shiga kamar a tuwo. Ya kwanto zana uku daga bakin gaɓa zuwa kan dirkar, ƙasa-ƙasa, yadda daga fili ba abin da za a gani sai ciyawa. Yadin tantin kuwa ya shimfiɗa shi ta ciki, ƙarƙashin zana, a gefen da Bawa zai kwanta, ya binne bakinsa da rairayi har ya daina motsi. Warin roba ya cika wurin. Arzika ya shaƙa, ya haɗiye. Aka miƙo masa igiya, ya ɗaure mahaɗar zana ɗaya bayan ɗaya, ɗaurin da yatsunsa suka fi idonsa sani tun da can.

Da Bawa ya hau sama neman kirare, Uwaisu ya matso kusa ya rage murya.

"Baba, ya yi?"

"Ba a tambaya."

Rana ta yi ja lokacin da Uwaisu ya hura 'yar wuta don shayi. A bakin bukka ya hura ta, ta gefen gaɓa. Arzika ya ji inda ƙarar kirare ke fitowa, ya san abin da zai faru. Bai daɗe ba kuwa hayaƙi ya yi sama, iskar bakin gaɓa ta buge shi ya dawo, ya kwanta cikin bukka. Bawa ya fara tari. Arzika ya san maganin: a ja wutar taku biyar yamma, inda kwarin ya buɗe. Kalma huɗu ce ko biyar. Ya kama gemunsa ya riƙe. Hayaƙi ya shiga idonsa, hawaye suka zubo, bai share ba, bai motsa ba.

Ya ji Uwaisu ya daina fifita wuta. Ya ji ya miƙe tsaye, ya daɗe a haka. Sannan ya ji an kwashi garwashi a murfin tukunya, taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, aka tsaya. Aka ƙara biyu. Aka ajiye.

A hankali bukkar ta washe. Tarin Bawa ya lafa, ya fara ƙorafin cewa shayin direbobi ruwan wanke kofi ne. Arzika ya saki gemunsa, ya share fuska da bakin riga, ya jingina bayansa da gaɓar, ya miƙa hannu a ba shi nasa.